Ɗakin Duwatsu

Shekara talatin da huɗu mabuɗin na wuyana,
ɗakin da babu kuɗi, babu hatsi,
sai duwatsu cikin akwatunan katako,
kowane da lamba a goshi kamar ɗan kaso.
Mutanen Bagalam na dariya:
"Arzika, me kake gadi? Wa zai saci marmara?"
Nakan ce ku bari, ƙasa ce ta ba gwamnati ajiya.

Biro na farko ɗaki biyu ne, bayan shagon awon gyaɗa,
teburi guda, ƙafarsa ɗaya bulo.
Can Mushe Barmu ya fara,
siririn mutum mai lasar dutse kafin ya faɗi sunansa.
Na ɗauka taɓuwa ce,
sai ya miƙo mini yumɓun Madarunfa, ya ce ɗanɗana.
Ya manne a harshena ya ƙi saki.
Ranar na san laka ma tana da dangi.

Nomau Tankari ke jan kamiyo,
tsohuwar mota mai tari tun kafin asuba.
Sau uku muka kwana a Gulbi cikin damina ɗaya,
taya cikin rairayi, mu cikin sauro.
Mushe ya tuɓe riga ya naɗe littafinsa da ita,
ya ce jiki zai bushe gobe, tawada ba ta dawowa.

Tsahara kuwa ba ta taɓa fita daji ba.
Tana gaban fitila da alƙalami mai bakin allura,
tana shafa ja wajen Ɗan Isa, inda fa ya fito fili,
rawaya ga jigawar Dakoro,
shuɗi ga fadama.
Duk ƙasar nan ta bi ta ƙarƙashin hannunta,
ita ko Tibiri sai da biki take zuwa.

Sau biyu muka yi ƙaura.
A ta farko akwati tara suka fashe,
Mayahi ta gauraya da Gidan Rumji a bayan mota,
muka kwana bakwai muna raba su da ido.
A ta biyu gara ta riga mu,
ta cinye arewacin taswira ta bar mana kudu.
Sai shekarun da albashi ya yi nisan kiwo.
Mushe ya sayar da babur, bai sayar da guduma ba.
Tana nan rataye har yau,
ƙotarta ta yi baƙi da zufar mai ita.

Akwai sunan da ba ya cikin rahoto ko ɗaya:
Gado, mahaƙin rijiya na Sumarana,
wanda muryarsa ke hawowa tare da guga,
"Gaba tara, jan gargari.
Gaba goma sha biyu, tsakuwa mai sanyi."
Mushe na sama yana mayar da gaba mita.
Rabin abin da aka buga da faransanci
daga bakin Gado ya fito, da hausa, cikin duhu.

Bara wata yarinya ta zo daga Yamai da na'ura a jaka,
Injiniya Ramatu Jadi.
Wani ƙauye ne bayan Safo, an huda sau biyu, ba ruwa.
Ni na aje aiki tuni,
yaron da ya gaje ni kuwa ƙura kawai ya sani.
Aka aiko a kira ni.
Na je da sanda, na tsaya a layi na huɗu,
akwati na ɗari biyu da sha ɗaya.
Na buɗe: farar tsakuwa, da rubutun Mushe da ya koɗe.
Ta dube shi, ta dubi na'urarta, ta yi shiru,
sannan ta ce a matsa gabas, a ƙara mita takwas.

Ranar da ruwan ya fito ban je ba, ƙafa ta hana.
A gora aka kawo mini.
Na taɓa da harshe kafin in sha,
halin da na ɗauka wurin mamaci.
Akwai ɗan ƙarfe-ƙarfe a ciki.
Na waiga in faɗa a rubuta,
ba kowa sai jikata tana tsince wake.